Dawa a Inuwar Gero

Akwai wani manomi da ya gina gidansa a hayin rafi, nesa da gari. Shi da matarsa suna da 'ya'ya biyu, Habila ɗan shekara tara, da ƙanwarsa Keziya 'yar shekara bakwai. Makarantar da ta fi kusa da su tafiyar sa'a biyu ce a ƙafa, idan rafi ya kawo kuma ba mai ƙetarewa. Matar ta yi karatun koyarwa kafin ta yi aure. Saboda haka tun yaran suna ƙanana, mutumin da matarsa suka durƙusa a gaban Ubangiji, suka yi shawara su koyar da su a gida, boko da Maganar Allah tare.

Ajinsu gindin mangwaro ne. Allonsu bangon rumbu, wanda ake shafe shi da dakakken gawayi. Ƙararrawa kuwa wata tsohuwar garma ce da aka rataye a reshe.

Suna bin lokacin makarantun gari. Idan aka ba da dogon hutu da damina, su ma sai su ajiye alli. A hutun wannan shekara yaran sun yi kiwon awaki, sun gasa masara, sun kori tsuntsaye daga gona har muryarsu ta dushe. Da marka ta fara sauƙi, gero ya soma nuna, sai uwar ta ce hutu ya ƙare. Ta sake shafe bangon rumbu ya yi baƙi wuluk, ta yi wa littattafan rubutu bango da tsohuwar kalanda, ta feƙe fensir biyu da reza. Yaran suka share gindin mangwaro, suka shanya tabarmar aji.

Amma akwai abin da yake damun uwar, wanda ba ta faɗa wa kowa ba sai Allah. Habila ya iya karatu tun yana ɗan shekara biyar. Keziya kuwa shekara biyu ke nan tana zama a tabarma ɗaya da shi, ba ta taɓa karanta kalma ɗaya da bakinta ba. Idan aka nuna mata allo, sai ta sunkuyar da kai, ta riƙa tona ƙasa da yatsan ƙafa.

Ana nan, ranar Asabar ta ƙarshen hutu, sai ga yayar mutumin, Gwaggo Tabita, wadda take koyarwa a wata makaranta cikin gari. Ta ƙetaro rafi da takalmanta a hannu, ta kawo wa yaran burodi, ta kawo wa uwar kwalin alli. Da ta huta, sai ta ga baƙin bango, hannunta ya yi ƙaiƙayi irin na malamai. Ta rubuta layi biyu, ta kira yaran. Kafin ta ajiye allin Habila ya karance su. Ta juya wajen Keziya ta nuna kalma ta fari. Yarinyar ta sunkuyar da kai.

Da yaran suka fita, Gwaggo Tabita ta ce, "Matarmu, ke da ba ki taɓa zuwa ta biyu a aji ba, 'yarki ko baƙi ɗaya ba ta iya kira? Ko dai kan ubanta ta ɗauko? Shi sai da gemu ya fito masa ya koyi rubuta sunansa."

Mutumin ya yi dariya ya ce, "Amma dai na koya, Yaya."

"Ka koya," in ji ta, "bayan ka ƙarar da haƙurin fasto biyu." Sai ta daina wasa, ta kama hannun uwar. "Ba raina aikinki nake yi ba. Wani yaron ba ya jin karatu daga bakin uwarsa, haka Allah ya yi su. Ki ba ni ita. Makarantarmu tana karɓar yara har ƙarshen mako na biyu. Asabar ta sama in dawo, in ba abin da ya sake, sai mu tafi tare."

Uwar ta san da ƙauna aka yi maganar. Ta ce, "To, Yaya. Allah ya kai mu."

Ashe Keziya tana bayan danga, ta ji duka. Da yamma uwar tana tsince wake, sai yarinyar ta zo ta raɓa jikinta. Can ta ce, "Mama, laifi na yi?"

"Wane laifi kuma?"

"Da za a kai ni gari."

Uwar ta rungume ta, ta ce ba ta yi laifin kome ba. Amma ba ta iya ce mata ba za a kai ta ba.

Ranar Litinin aka buga garma, aka yi waƙa da addu'a, aka fara sabuwar shekarar karatu. Mutumin bai tafi gona da wuri ba. Ya zauna a gefe yana gyaran ƙotar magirbi, kamar ba ya ji. Uwar ta nuna kalma ta ce, "Keziya, mene ne wannan?" Yarinyar ta ja numfashi, leɓenta ya motsa. Nan take Habila ya faɗa. Uwar ta ce, "Madalla. Keziya, kin ji ko?" Ta wuce kalma ta gaba. Haka aka yi har aka tashi.

Da rana ta yi sanyi, mutumin ya ce wa matarsa, "Malama, zo ki taya ni duba gona."

To, a ƙasar nan tasu gero da dawa gona ɗaya ake shuka su. Da ruwan fari ake shuka gero, bayan 'yan kwanaki a bi tsakaninsa da dawa. Gero mai sauri ne. Cikin wata uku ya fi mutum tsawo, ya fid da kai, ya nuna. Dawa kuwa tana ƙasa, a inuwarsa.

Suka shiga gonar. Zangarniyar gero ta cika ta yi nauyi, tsuntsaye suna ta shawagi. Matar ta sunkuya ta taɓa dawar, ta ga siririya ce, ganyenta ya yi fari-fari, ko ƙugunta ba ta kai ba. Ta ce, "Baban Habila, dawar bana ba ta yi ba."

Ya ce, "Bara ma haka kika ce."

"Na ce haka?"

"Da bara waccan. Kuma tuwonta kike tuƙawa har yau." Ya kama ganyen dawar a hankali. "Lafiyarta ƙalau. Saiwarta tana can ƙasa tana aiki. Rana ce ba ta samu ba. Duk hasken da ya sauko, gero ya riga ta. Ba mugunta yake yi ba, tsawo Allah ya ba shi. Bari in kwantar da shi ki gani."

Matar ta gane ba maganar dawa kaɗai yake yi ba.

Ya ce, "Ara mini Habila da safe, har in gama girbin gero. Ki koya masa nasa da yamma."

Ta ce, "A makon farko na karatu? Na riga na tsara jadawali."

"Jadawalin ba zai gudu ba," in ji shi. "Yaya kuwa tana tafe."

Kashegari Habila ya bi ubansa gona, yana murna. Keziya ta zauna ita kaɗai a tabarma, tabarmar ta yi mata faɗi. Uwar ta nuna kalma. Yarinyar ta ja numfashi. Shirun ya yi wa uwar nauyi, sai ta ce, "Ba-ba. Baba. Faɗi." Keziya ta ce, "Baba." Ta nuna ta gaba, ta sake faɗa mata, ita kuma ta maimaita. Talata ta wuce haka, Laraba da Alhamis ma haka. Uwar ta ce a ranta, ga shi an ɗauke gero, dawa ba ta motsa ba. Ta fara ware kayan yarinyar da za ta wanke, ta ɗinke mata rigar da ta yage a hammata. Tana ɗinki tana addu'a, wani lokaci ba ta ganin ramin allura sosai.

Ranar Jumma'a ta rubuta a bango: Baba ya tafi gona. Gero ya nuna. Ta ɗora sanda a kan kalma ta fari ta ce, "Keziya, mene ne wannan?" Ba ta rufe baki ba sai ta ji motsi a bayan ɗaki. Awaki sun tura ƙyaure sun faɗa wa kuɓewar da ta shanya. Ta yar da sandan ta ruga. Kafin ta kore su, ta tattara kuɓewar, ta ɗaure ƙyauren, an ɗan jima.

Tana dawowa, da ta iso bakin danga, sai ta ji wata 'yar murya a gindin mangwaro.

"Ta... ta... fi. Tafi."

Uwar ta tsaya cik. Ta leƙa ta tsakanin karan danga. Ga Keziya a tsaye gaban bango, ta ɗora yatsa a ƙarƙashin baƙaƙen, hancinta ya kusa taɓa gawayi.

"Go..."

Ta tsaya a nan. Ta daɗe. Kalmar ta taso wa uwar har bakin leɓe, saura kaɗan ta faɗa daga inda take. Sai ta kama bakin zanenta ta toshe bakinta da shi. Kurciya ta yi kuka a kan mangwaro, ta yi shiru, ta sake yi.

"Na. Go-na. Gona. Baba ya tafi gona."

Yarinyar ta juya ta dubi 'yar akuyarta da take ɗaure a turke, ta ce mata, "Kin ji? Baba ya tafi gona."

Uwar ta zauna a ƙasa a bayan danga, ta yi kuka ba sauti. Murna tana ciki, amma kunya ta fi yawa. Shekara biyu tana roƙon Ubangiji ya buɗe bakin 'yarta, ashe bakin yana buɗewa kowace safiya, ita da Habila suke rufe shi.

Da mutumin ya dawo da rana, ta kai masa ruwa ta ce, "Baban Habila, geron gonar nan biyu ne. Ɗaya ka ɗauke, ɗayan kuwa ga ni nan."

Ya sha ruwansa, ya dube ta ya ce, "Na sani. Amma wancan ba ni da magirbin da zai kwantar da shi."

Ta yi dariya, hawaye bai gama bushewa ba.

Daga ranar ta sake dabara. Takan zo aji da ƙwaryar gyaɗa. Idan ta yi tambaya, sai ta sunkuyar da kai ta ɓare gyaɗa goma kafin ta ce uffan. Da fari abin ya yi mata wuya ƙwarai, gama ita mace ce da tun tana ƙarama hannunta ne yake fara tashi a aji. Wani lokaci amsar takan zo a gyaɗa ta huɗu, wani lokaci a ta tara. Wani lokaci ba ta zuwa sam, sai ta taimaka da gaɓa ta fari kaɗai, ta koma ga ƙwaryarta. Keziya ba ta zama gwana cikin mako ɗaya ba. Tana tuntuɓe, tana komawa baya, tana manta abin da ta sani jiya. Amma ta daina tona ƙasa da yatsan ƙafa.

Da aka gama girbi, uwar ta kira Habila gefe, ta gaya masa abin da yake faruwa. Yaron ya ɓata fuska ya ce, "Mama, ai taimakonta nake yi. In na ga ta rasa, tausayi take ba ni."

Ta ce, "Na sani. Ni ma tausayin ne. Yanzu wani irin taimako nake so ka koya, wanda ya fi wancan wuya."

Ranar Asabar Gwaggo Tabita ta dawo, takalma a hannu, da wata 'yar jakar makaranta ja a kafaɗa. Keziya ta ga jakar, ta ɓuya a bayan uwarta. Bayan an gaisa an sha ruwa, uwar ta ce, "Yaya, ki rubuta mata abin da kike so. Abu ɗaya nake roƙo, kada kowa ya yi magana sai ta gama."

Mutumin ya gasa tumu, wato sabon geron da ake babbakawa a wuta a murje, ya cika wa Habila hannu biyu. Ya ce, "Zuba a baki. In ya ƙare ga wani."

Gwaggo Tabita ta rubuta: Allah ya ba mu ruwa. Mun gode masa.

Keziya ta matsa gaban bango, ta ɗora yatsa. Ta karanta kalma ta fari, da ta biyu, da ta uku, a hankali kamar mai taka duwatsun rafi. Da ta iso "ruwa" sai ta tsaya. Uwar ta ɓare gyaɗa ɗaya, ta ɓare biyu. Habila yana tauna da ƙarfi, idonsa ya firfito, ƙafarsa tana rawa. A gyaɗa ta shida Gwaggo Tabita ta buɗe baki, gama shekara ashirin tana koyarwa. Uwar ta ɗora hannu a gwiwarta. Gwaggo ta rufe bakin.

"Ru... wa. Ruwa."

Da ta kai ƙarshe, sai ta juyo ta dubi gwaggonta, ta ce, "Gwaggo, in sake?"

Gwaggo Tabita ta share ido da gefen ɗankwali. Ta ce, "A ajina yara saba'in ne. Wa zai ɓare miki gyaɗa goma a can? Zauna wajen uwarki, 'yata." Ta rataya mata jakar a wuya. "Wannan taki ce, ko daga ɗaki zuwa gindin mangwaro ne ki riƙa ɗauka." Sai ta juya wajen uwar ta ce, "Matarmu, ɗebo mini gyaɗar nan. Akwai wasu uku a bencin baya da ban taɓa jin muryarsu ba."

Habila ya haɗiye tumunsa ya ce, "Yanzu in yi magana?"

Da yamma suka raka ta har bakin rafi, suka biyo ta gona. An kwashe dammunan gero, an yi wa dawa huɗa. Ganyenta ya koma kore shar, har ta kai kafaɗar mutumin. Ba ta fid da kai ba tukuna, da sauran wata biyu ko fi. Matar ta tsaya ta dube ta, ba ta ce kome a kan dawar bana ba.

Ga ma'anar misalin nan, 'yan'uwa, musamman mu iyaye da masu koyar da yara, yanzu da hutu ya ƙare.

Gonar ita ce gidanki, ko ajinka na ranar Lahadi. Gero shi ne yaro mai saurin ganewa, dawa kuwa wanda yake zuwa a hankali. Mai gona ɗaya ne ya shuka su, yana kuwa son su duka. Gero ne yake fid da gida daga yunwar damina, don haka kada a tsawata wa yaro saboda kaifin kansa, kyautar Allah ce. Amma dawa ce take riƙe gida har wata shukar. Wanda ya tumɓuke ta a watan girbin gero don ya ga ta yi siririya, rumbunsa ne zai gaya masa.

Abin da ya fi wuyar karɓa a misalin shi ne gero na biyu. Uwar nan ba muguwa ba ce, ba malalaciya ba ce. Ta yi addu'a, ta shirya darasi, ta feƙe fensir. Ƙauna ce ta sa take amsawa a madadin 'yarta, don ba ta iya jure ganinta cikin wahala. Da yawa a cikinmu haka muke. Mukan tambayi yaro, kafin ya ja numfashi mun amsa. Mukan ce ya yi addu'a, ya tsaya neman kalma, sai mu ƙarasa masa. Mukan ba shi tsintsiya, mu karɓe don ba ya sauri. Daga baya mu ce, yaron nan ba ya iya kome. Shi ma ya ji, ya gaskata.

Kada dai a ja misalin ya wuce inda ya tsaya. Akwai yaron da shirunsa na ido ne, ba ya ganin allo, akwai wanda kunnensa ne. Irin wannan a kai shi a duba shi, jira kaɗai ba zai warkar da shi ba. Gwaggon ma ba ta yi kuskure da ta miƙa hannu ba, gama akwai lokacin da kai yaro wani wuri shi ne daidai. Abin da misalin yake tambaya shi ne, kafin mu yanke cewa yaro ya kasa, mun taɓa ba shi fili?

Mu tuna kuma yadda Ubanmu na sama yake yi da mu. Ya san ƙarshen kowace addu'a tun ba mu fara ta ba, duk da haka ba ya katse mu. Yana saurare muna in'ina, muna komawa baya, muna manta abin da ya koya mana jiya. Waɗansunmu shekara arba'in yake jira mu haɗa kalma ɗaya, wato "na tuba", ko "na gafarta", bai kuwa ce a ɗauke mu daga gabansa ba. Wanda aka yi wa irin wannan haƙuri bai kamata ya rasa na gyaɗa goma ba.

Saboda haka a makon nan, idan ka tambayi yaro ya yi shiru, dubi leɓensa kafin ka dubi agogo. In yana motsi, kama bakinka. Ubangiji ya ba mu alherin yin shiru, har mu ji muryar da muka daɗe muna roƙonsa ya buɗe. Amin.